Bizar Budurwa

Ranar da labari ya zo cewa Amurka ta amince da takardun Zuliha, Gwaggo Delu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta yar da rariyar, ta rangaɗa guɗar da ta sa awakin maƙwabta suka ɗaga kai.

"Ayyiriri! Amurka! Ke Zuliha, ban faɗa miki ba? Tun kina goye na ce wannan goshin ba na zaman Zango ba ne!"

Zuliha ba ta tuna an taɓa faɗa mata haka ba. Abin da ta fi tunawa game da goshinta shi ne yawan dungurin da ya sha a hannun Gwaggon. Amma ranar murna ce, sai ta yi murmushi ta miƙa wa Baffa Yakuba salula, don Safiyanu yana kan layi.

Zuliha marainiya ce. A gidan Baffa Yakuba, ƙanin mahaifinta, ta girma, a hannun Gwaggo Delu da ta dawo gidan ɗan'uwanta bayan rasuwar mijinta. Ta yi karatun ungozoma, tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a bakin unguwarsu ta Zango, a Damagaram. Shi kuwa Safiyanu ɗan unguwarsu ne, tun suna lise, wato sakandare, yake rako ta har bakin lungu ya koma. Daga baya ya ci tombolar biza ya tafi Amurka, yana tuƙin babbar mota, har ya zama ɗan ƙasa. Duk tsawon shekarun nan bai canza magana ba, abin da ya ba Gwaggo mamaki ƙwarai, domin ta sha yin hasashen akasin haka a bainar jama'a.

"Baffa, ba biza ba ce tukuna," in ji Safiyanu. "Ofishin shige da fice na nan ne ya amince da buƙatata. Za su tura dosiyen takardun Yamai, ambasad, wato ofishin jakadancinsu, su kira ta su yi mata tambayoyi, su tabbatar abin da na rubuta haka yake."

"An buga hatimi ko ba a buga ba?"

"An buga, Baffa, amma fa..."

"To magana ta ƙare. Ƙaramin ofis ba ya kwance abin da babban ofis ya ƙulla. Wa za ka koya wa?"

Baffa Yakuba ya yi aikinsa ne a meri, ofishin magajin gari, yana buga hatimi a kan takardun haihuwa, har ya yi ritaya. Daga wannan kujera ya fahimci duniya gaba ɗaya, kuma tun lokacin bai ga dalilin ƙara fahimtar komai ba.

Da Safiyanu ya zo hutu, sai ainihin maganar ta fito. Suna zaune a zaure, Zuliha tana bayan ƙofa da tire a hannu, ya yi bayani a hankali: bizar da ya nema ta budurwa ce, wadda aka yi wa baiko. Za ta shiga ƙasar ba aure, a ɗaura a can cikin wata uku. Akwai limamai a garinsu, akwai 'yan Damagaram da za su tsaya.

Baffa ya cire tabarau.

"Wato ɗiyar yayana ta hau jirgi ta tafi wurin namiji ba fatiha? Daga gidan nan?"

"To a ɗaura a nan, Baffa, wallahi ni ma na fi son haka. Sai in janye waccan, in shigar da ta matar aure. Sai dai za a daɗe."

"A daɗe?" Gwaggo ce ta faɗo daga ciki, ko sallama babu. "Na riga na gaya wa duk Zango kafin Layya za ta tafi! So kake matar Alhaji na kwanar layinmu ta yi mini dariya?"

Nan aka tsaya. Baffa yana kare addini, Gwaggo tana kare kanta daga matar Alhaji, kuma kowannensu yana ganin nasa ya fi nauyi. Baffa ya mayar da tabaransa.

"Abu mai sauƙi. A ɗaura a masallaci, kada a kai meri. Bature takarda ya sani. Auren da ba hatimi a kai, a wurinsa ba a yi shi ba. Allah ya ga aure, Bature ya ga budurwa, kowa ya samu nasa."

Safiyanu mutum ne da ke ratsa ƙanƙara da mota mai tayoyi fiye da a ƙirga, amma bai iya ɗaga ido ya dubi Baffa ba. Ya ce, "To, Baffa."

Da yamma Zuliha ta tare shi a soro.

"Yaya, ka yarda ke nan?"

"Zuli, me zan ce? Baffanki ne. Kuma..." ya sunkuyar da kai yana murmushi, "ke ba kya so?"

Tana so. A nan gaskiya ba ta buƙatar ado: ta jira shi shekaru, ga shi a gabanta yana ƙamshin turare, an ce za a ba ta shi ranar Juma'a.

Haka aka yi auren sirri. Gwaggo ta bi gida-gida tana gaya wa kowace mace cewa kada ta gaya wa kowa. Aka kafa rumfa ta tare hanya. Dangin Mirriya suka cika ƙaramar bas suka zo da tukwanensu, maroƙa suka yi ta kiran sunan ango da lasifika, 'yan kabu-kabu suka raka amarya suna ta oda har gidan uwar Safiyanu. In akwai wanda bai ji ba a Damagaram, to yana kwance asibiti ne.

Suka yi 'yan makonni tare, hutu ya ƙare, ya koma. Aka shiga jiran randebu, wato ranar ganawa da ambasad.

Ungozoma ba ta buƙatar a gaya mata. Tun kafin ambasad su kira, Zuliha ta san ba ita kaɗai ba ce. Ta gaya wa Safiyanu, ya yi ta kabbara a cikin motarsa har sai da ya tsaya a gefen hanya. A ranar babu wanda ya tuna da dosiye a cikinsu.

Da ranar tafiya Yamai ta matso, Baffa ya sa aka kira ta gidansa don ya yi mata bita. Ya sa kujera a gindin dalbejiya, ya ɗora tebur a gabansa, ya gyara murya. Shi ne jami'in ambasad.

"Madmazel, wane ne Safiyanu a wurinki? Sai ki ce: saurayina ne. An ɗaura muku aure? Sai ki ce: a'a. Maimaita."

Zuliha ta dubi ƙasa. Ta juya wajen Gwaggo, muryarta can ciki.

"Gwaggo, ki gaya wa Baffa... likitansu zai duba ni kafin in shiga. Zai rubuta abin da ya gani."

Gwaggo ta daɗe da lura, ta ma riga ta gaya wa mata biyu-uku a asirce. Ta raɗa wa ɗan'uwanta. Baffa ya yi gyaran murya, ya dubi reshen bishiya.

"To, Allah ya raba lafiya. Wannan ai ba matsala ba ce. Su Turawa ba ruwansu. A wurinsu budurwa da ciki abin ado ne."

"Ni da ruwana, Baffa."

Shi ne karo na farko da ta taɓa mayar masa da magana tun tana yarinya. Baffa ya dafa tebur ya dube ta.

"Me kika ce?"

"Baffa, ka ce ba zan fita gidan nan ba fatiha, don kada a zage mu. Yanzu kuma in ɗaga hannu in rantse ba a yi fatihar ba, ga ciki a gabana? To na wane ne?"

"Ke, rufe mana baki!" Gwaggo ta daka mata tsawa. "Wa zai ji? Ta bayan gilashi ne fa, da Bature! Zango za su ji ne?"

"Ni zan ji, Gwaggo."

Hawaye suka zubo mata, ta tashi ta ɗauki mayafinta. Baffa ya bi ta da murya: "Karatun boko ke nan! An nuna mata hanya tana neman rami!"

Ta kira Safiyanu tana tafe a lungu. Ta ɗauka a nan za ta samu mafaka.

"Zuli, saurara," ya ce, muryarsa a gajiye. "Kalma ɗaya ce. Allah ya san gaskiya."

"Ya sani, Yaya. Shi ya sa."

"Kin san yadda nake zaune a nan? In dawo daga hanya, ɗaki ba kowa, in dafa taliya in ci a tsaye. In aka mayar da dosiyen nan, sai mu sake daga farko. Na gaji, Zuli, wallahi na gaji!"

"Ni ma na gaji. Amma za su rubuta fa. Abu na farko da za a fara rubutawa a kan ɗanka a duniya, kafin a raɗa masa suna, shi ne uwarsa ta rantse ba ta da miji. Ka yarda?"

Ta ji ƙarar motoci a bayansa. Sannan ya ce, "Ki yi yadda kika ga dama," ya kashe.

Baffa da Gwaggo duk suka raka ta Yamai, don kada ta yi shirme. Tafiyar yini guda ce cur a bas, kuma Gwaggo ba ta ɓata ko kaɗan daga cikinta wajen yin shiru ba. Ranar randebu Baffa ya sa babbar riga mai aiki, ya gaya wa mai gadin ƙofa cewa shi tsohon ma'aikacin gwamnati ne kuma waliyyin yarinyar. Mai gadi ya girmama shi ƙwarai, ya nuna masa inuwar da zai tsaya a tsallaken titi.

Zuliha ta shiga ita kaɗai. Aka karɓi salularta, aka ɗauki hoton yatsunta, ta zauna a layi cikin sanyin na'ura har aka kira ta. A bayan gilashi wata mata ce mai furfura kaɗan, da tafinta a gefenta. Ta sa Zuliha ta ɗaga hannun dama ta yi rantsuwar faɗin gaskiya. Sannan tambayoyi suka fara, ba tsawa ba murmushi: ina kuka haɗu, wane aiki yake yi, yaya sunan mahaifiyarsa, yaushe ya zo na ƙarshe. Tana tambaya tana duba abin da Safiyanu ya rubuta, tana gwada wannan da wancan.

Ta buɗe takardar likita, ta ɗago.

"Na ga kina da juna biyu. Barka. Da ya zo, an yi wani biki tsakaninku? Na addini ko na gargajiya?"

Zuliha ta dubi matar. Ta tuna ɗakin da ba kowa, da taliyar da ake ci a tsaye. Kalmar tana nan a bakinta, gajeriya, ba nauyi. Ta ɗora hannu a cikinta.

"An ɗaura mana aure, Madam. A masallacin unguwarmu, da shaidu. Mijina ne."

Matar ta ajiye alƙalami. Ba ta yi mamaki ba, da alama ba Baffa Yakuba ne ya fara ƙirƙiro wannan dabara ba, ko da yake da ya ji haka da ransa ya ɓaci.

"To, bari in gaya miki yadda abin yake," ta ce, tafinta yana juyawa. "Waɗanda suka amince da takardar nan a can, takarda kawai suka gani. Ni aikina in ga mutum, in duba ko abin da aka rubuta ya yi daidai da wadda ke tsaye a gabana. An rubuta budurwa, ga matar aure. A ƙasarku auren masallaci aure ne, don haka mu ma aure muke ɗaukarsa. Ba zan iya ba ki wannan biza ba. Ba ni da ikon yaga takardar kuma, don ba ni na amince da ita ba. Zan rubuta dalilina, in mayar da dosiye inda ya fito."

"Shi ke nan, an hana ni har abada?"

"A'a. Mijinki ya shigar da sabuwa, ta matar aure. Za ki jira. Da kin rantse a kan ƙarya muka gano, wannan ce take rufe ƙofa, kuma da wuya ta sake buɗuwa."

Ta turo mata fasfonta ta ƙarƙashin gilashi.

Abin da ya faru a tsallaken titi ba sai an tsawaita ba. Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da mijinta ya rasu. Baffa ya ce zai shiga ya yi wa matar bayanin doka, mai gadi ya sake nuna masa inuwar.

"Kin tozarta mu!" in ji Gwaggo. "Abinci a baki kika tofar! Wallahi yaron nan sakinki zai yi, ta salula ma, ki rubuta ki ajiye. Mata sun ƙare ne a Amurka?"

Suka dawo Damagaram. Zango ta karɓe ta da irin tausayin da ta saba: mata suna zuwa jaje suna danne dariya, 'yan kabu-kabu suna tsayawa a gabanta, "Amerikan, ina za a kai ki? Filin jirgi?" Matar Alhaji na kwana ta aiko da kunu, da saƙon cewa ta ji abin da ya faru kuma ba ta yi barci ba. Zuliha ta koma asibiti tana karɓar 'ya'yan mutane. Ta aika wa Safiyanu saƙon murya ta gaya masa duk yadda aka yi. Ya saurara, alamar ta nuna. Bai amsa ba.

Wannan shirun ne ya fi komai ciwo. Zagin Gwaggo ta saba da shi tun tana ƙarama. Amma ta kan fito daga ɗakin haihuwa ta wanke hannu ta duba salula, ta mayar aljihu, ta shiga bayan labule ta share ido. Uwar Safiyanu, tsohuwa mai ƙarancin magana, ba ta tambaye ta komai ba, sai dai ta ƙara mata nama a miya.

Ana nan wata ranar Laraba da azahar, salula ta yi ƙara.

"Zuli."

Ta fita baranda da salular a kunne.

"Zuli, na san kina ji. Ba fushi ne ya hana ni kira ba. Kunya ce. Na rasa da wane baki zan fara. Ni ne namiji, ni na san dokar, na zauna a zaure na ce 'to, Baffa.' Sannan na tura ki ke kaɗai ki rantse a kan ɗana." Muryarsa ta karye. "Na je wurin lauya. Ta ce ke kika cece mu. Ki je meri a rubuta aurenmu, ki turo mini. Na fara cika sabuwar."

"Za a daɗe fa, Yaya."

"A daɗe ɗin. Ina za ni?"

Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun daga Yamai, a tsaye a barandar asibiti, har wata mai naƙuda ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

An daɗe kuwa. Layya ta wuce, wata ta sake zuwa. Zuliha ta haifi namiji, Safiyanu ya zo suna, aka sa masa Kassim. Da yake uban ɗan ƙasa ne kuma auren a rubuce yake, jaririn ya riga uwarsa samun fasfon Amurka, abin da Gwaggo ta ɗauka a matsayin cin mutunci na musamman. Sai da Kassim ya fara tafiya yana jan zanen kakarsa sannan aka sake kiran Zuliha Yamai. Wannan karon ba wanda ya yi mata bita. Tambayoyin ba su daɗe ba, aka riƙe fasfonta, aka ce ta dawo ta karɓa.

Ranar tafiya, a tashar bas, Zango ta sake cika. Gwaggo tana ta guɗa tana waigen matar Alhaji. Baffa Yakuba ya tsaya a tsakiyar maza, hannu a baya, yana yi musu bayani.

"Ai ni na ce a ɗaura. Da ban tsaya kai da fata ba, da wace takarda za ta tafi yau? Su waɗannan abubuwa sai wanda ya yi aikin gwamnati."

Maza suka gyaɗa kai. Zuliha ta durƙusa ta yi masa sallama, ya sa mata albarka da muryar wanda ya yafe. Ba ta gyara masa ba. Ta saɓa ɗanta ta hau.

'Yan mata da samari masu karanta wannan, ga abin da ke ciki, ba yawa. Manya suna da haƙƙin a girmama su, amma ba su da haƙƙin ara bakinku su rantse da shi. Duk wanda ya ce muku ƙarya ƙarama ce don ba wanda zai ji, ku lura da kyau: shi a tsallaken titi zai tsaya, a inuwa, ku ne za ku ɗaga hannu. Zuliha ta yi haƙuri ta rasa shekara biyu, ba ta rasa mijinta ba, kuma ba ta sayar da sunan ɗanta ba. Godiya kuwa ba wanda ya yi mata a Zango, ita ma ba ta tsaya jira ba.